Attajiri da makarantarsa: ƙungiyar Robert Smith ta asiri ce?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Ana yawan ambaton Robert Smith, baƙar fatar Amurka mai kamfanin zuba jari na Vista, cewa har yau yana tare da jami'arsa da wata ƙungiyar ɗalibai, Alpha Phi Alpha. Ba irin ƙungiyoyin asirin jami'o'inmu ba ce? Kuma ɗan kasuwar Kano da ke son tallafa wa makarantarsa, ta ina zai fara?

Malam Na Kabuga: Wa alaikumus salam. Ba asiri ba ce irin wanda ka sani. An kafa ta a Jami'ar Cornell a 1906, lokacin da ɗalibai baƙaƙe ba su da mai riƙe musu hannu, kuma Martin Luther King ma ɗanta ne. Tana da rajista da shugabanni sanannu, ana zama ɗanta har tsufa. A nan, mafi kusa da ita su ne BOBA ta tsofaffin ɗaliban Barewa, da KASSOSA ta makarantun kimiyya na Kano.

Shi Smith injiniyancin sinadarai ya karanta a Cornell, ya yi digiri na biyu a Columbia, ya yi aiki a bankin Goldman Sachs, sannan ya kafa Vista a 2000. A 2016, shi da gidauniyar da yake jagoranta suka ba Cornell dala miliyan 50, aka sa wa makarantar da ya fito sunansa. A 2019 kuma ya biya wa ɗaliban Kwalejin Morehouse da suka kammala a shekarar bashin karatunsu kaf.

Hajiya Mai Lissafi: Ɗan'uwa, kada ka fara da gini. Kowa gini yake so saboda allon suna, amma bayan damina uku rufi ya fara yoyo, batiran sola sun mutu, babu kasafin gyara. Gidauniyar Dangote ta iya gina wa BUK makarantar kasuwanci a 2018 don ƙarfinta ya kai. Mai naira miliyan 20 wakafi ya fi masa.

Ku yi wa ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusu da sunanta, mutum uku masu sa hannu, biyu dole kafin kuɗi ya fita. Uwar kuɗin a zuba ta a sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya, wanda ake fitarwa tun 2017, tunda babu riba ta haram a ciki. Abin da ya shigo a shekara kada a cinye duka. A mayar da wani kaso cikin uwar kuɗi, in ba haka ba tsadar rayuwa za ta suɗe ta a hankali. Kuɗin ɗalibi kuma a biya kai tsaye ta Remita, manhajar biyan kuɗin makaranta, da lambar da ɗalibin ya ciro, a ajiye rasit. Ba a tura shi asusun wani mutum, ko da shugaban sashe ne.

Malam Na Kabuga: Gaskiyarki, Hajiya. Ƙari ɗaya: a rubuta yarjejeniya da jami'a tun farko, wa zai zaɓi ɗalibai, da wane maki, kuma a kawo rahoto duk zango. Inda aka bar wannan a baki, nan alfarma ke shigowa, 'ya'yan masu hali su cinye rabon marayu.

Baba Sabon Gari: Kuna ta maganar kuɗi. Yaron da ke neman wurin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, na wata shida, ka ɗauke shi a masana'antarka ta Sharaɗa ko Bompai, ka haɗa shi da injiniya ɗaya mai duba littafinsa duk Juma'a, ka ba shi kuɗin mota. Yara biyar a shekara sun isa a fara.