Shawarwari a zaure: ina za a ajiye shafin jami'a, kuma ta yaya ɗalibi zai same shi a salula?

Ƙanen zaure, Yamai:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An saka ni cikin kwamitin da zai rubuta wa hukumar jami'ar da nake aiki shawara game da sabunta shafinta na intanet kafin komawa karatu, kuma ba na so in kai takarda ban ji ta bakinku ba. A halin yanzu sarba guda ce (babbar kwamfutar da ke riƙe shafuka da bayanai) ke ɗauke da komai, wato shafin da kowa ke gani, da rajistar ɗalibai, da Moodle (manhajar ba da darussa ta intanet), da akwatunan wasiƙun ma'aikata, tana kuma tafiya a kan CentOS 7 (wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) da Joomla 3 (manhajar gina shafi). Wasu cikin kwamitin suna so a sayi sabuwar sarba a ajiye ta a harabar makaranta, wasu sun fi son a yi haya wajen wani kamfani a Turai, akwai kuma masu matsawa a ƙera manhajar Android mai sunan jami'a. Wanne kuke ganin ya kamata in sa a gaba?

Malamin lissafi:
Wa'alaikumus salam. An daina fitar wa CentOS 7 gyaran tsaro tun 30 ga Yunin 2024, Joomla 3 kuwa tun Agustan 2023, saboda haka ko Turai kuka kai waɗannan kaya, ƙofarku a buɗe take ga duk wanda ya ga dama ya shiga.

Dattijon Tawa:
Ɗana, bari in ba ka labarin abin da ya same mu a wata makarantar gaba da sakandare da na yi wa aiki, domin abin da ya kayar da mu ba ya cikin ukun da ka lissafa. An ba wani ɗan kwangila aikin shafi, ya yi shi da kyau, aka yi biki aka watse. Abin da ba wanda ya duba shi ne da sunansa ya yi rajistar adireshin shafin, da imel ɗinsa da lambar salularsa, kuma kalmar sirri ta babban mai iko a kan sarba shi kaɗai ya riƙe. Da ya samu aiki a ƙetare ya tafi, saƙonnin gargaɗi cewa wa'adin adireshin ya kusa ƙarewa wajensa suka riƙa zuwa, mu ba mu da labari, sai da ɗalibai suka wayi gari suka tarar babu shafi. Wasiƙun ma'aikata ma suka tsaya cak, tunda su ma da adireshin nan suke tafiya. Mun sha wahala kafin mu shawo kan kamfanin rajista ya yarda cewa makaranta ce mai abin, domin a takarda makaranta ba ta da komai.

Ba mu gama hutawa ba bazara ta shigo. Ɗakin sarbar tsohon ofis ne mai kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ɗaya tak, kuma wanda ya ja waya ya haɗa sarbar da gurup (janareta) ya bar kilim a kan wutar gari. Kun san Afrilu da Mayu a ƙasar nan, zafi kan haura 40 ko a inuwa. Wuta ta lalace a layinmu ranar Juma'a bayan an tashi aiki, gurup ya tashi da kansa, sarba ta ci gaba da aiki cikin ɗaki a kulle babu sanyi har safiyar Litinin, faifan ajiyarta suka mutu. Da aka nemi kwafi sai aka tarar lallai kullum ana yin sa, amma cikin sarbar da ta mutu ake zuba shi. Dole aka koma ga takardun ofishin rajista ana sake shigar da makin ɗalibai da hannu, kuma akwai yaran da suka rasa wa'adin neman gurbin karatu a waje saboda ba mu iya fitar musu da takardar sakamako a kan lokaci ba. Wannan shi ne abin da har yau yake damuna.

Don haka kafin ku yi gardamar gida ko waje, ku tabbatar adireshin na .ne ne kuma da sunan jami'a da imel ɗin ofis aka yi rajistarsa. Kalmomin sirri su kasance a hannun ma'aikata biyu, a kuma rubuta su a rufe cikin ambulan a ba babban sakatare. Kwafi ya zama uku, ɗaya daga ciki a wani gini dabam, kuma kowane zango a ɗauki kwafin a gwada tayar da shi a wata na'ura, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba ba a san ko yana da rai ba. Sannan ku raba kayan, ko da a na'ura ɗaya ne, ku sa Proxmox, manhajar da ke kasa na'ura ɗaya gida-gida, ku ba shafi ɗakinsa, rajista nata, Moodle nasa, yadda wanda ya kutsa ta shafi ba zai iske makin ɗalibai ba.

Hajiya ta ofishin rajista:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma a kanmu aikin sake shigar da makin yake ƙarewa.

Injiniyan Filato:
Da girmamawa, Baba, labarinka shi ne hujjata. Jami'a ba kamfanin wuta ba ce, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha, ba a maido ta ba sai Maris na 2024. Duk wanda ke da sarba a gida a watannin nan ya san kuɗin gazuwal da ya ƙone. A yi haya a waje, inda wuta da sanyi da gadi ba aikinku ba ne, a sa takardar tsaro ta Let's Encrypt wadda kyauta ce kuma tana sabunta kanta, ma'aikatanku su samu lokacin kula da abin da ke cikin shafin.

Malamin lissafi:
Injiniya, Turai ma gobara na tashi. A ranar 10 ga Maris 2021 ɗaya daga gine-ginen kamfanin hayar sarba na OVH a Strasbourg ya ƙone ƙurmus, kuma waɗanda kwafinsu yake wuri ɗaya da sarbarsu sun yi asarar da Baba ya ba da labari, sai dai tasu a Faransa. Ka kuma tuna 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa. Mu ba mu da teku, ta ƙasashen maƙwabta intanet ɗinmu ke fita. In Moodle yana Faransa kuma hanyar ta toshe, malami a ofis da ɗalibinsa a aji na kusa ba za su iya miƙa wa juna darasi ba.

Injiniyan Filato:
Malam, a lissafa sau nawa igiyar teku ta tsinke a shekara, a lissafa sau nawa wuta ta ɗauke a mako, tunda lissafi aikinka ne.

Akanta:
Ku duka ba ku taɓo inda haya ke mutuwa ba, wato biya. Farashi ba ya rawa, tunda euro ɗaya kusan sefa 656 ne ba canji, amma kamfanonin nan ta katin banki suke cire kuɗinsu duk wata, alhali jami'a da takardar oda da sa hannun mutane da yawa take biya. Abin da kan faru shi ne wani ma'aikaci ya sa katinsa don kada a rufe shafi, a riƙa maido masa daga baya, kun ga an koma gidan jiya, ɗan kwangilar Baba ya dawo da wata riga. In za a yi haya, a biya ta shekara guda, da kwangila a rubuce da sunan jami'a, a kuma ba ta layinta cikin kasafin kuɗi.

Malama ta sashen shari'a:
Akwai doka kuma. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, aka sake ta a Disamban 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kanta. Sunan ɗalibi da hotonsa da ranar haihuwarsa da makinsa duk suna ƙarƙashinta, fitar da su zuwa wata ƙasa kuma yana da sharuɗɗa. A ganina shafin da ke ɗauke da sanarwa da tsarin karatu ya tafi waje ba laifi, rajista kuwa ta zauna gida har sai kun rubuta wa hukumar kun ji amsarta.

Bagobirin zaure:
Abin kunya ne ma muna kukan wuta a ƙasar Abdou Moumouni, mutumin da ya ƙare rayuwarsa kan binciken makamashin rana. A sa wa ɗakin sarba allunan sola da batura, a haɗa har kilim, gurup ya zama na uku. Ko da yake in taubashina Bazabarme ne zai riƙa share ƙurar allunan, a shirya biyan gazuwal.

Bazabarmen Haro Banda:
In Bagobiri ne ya auna ƙarfin baturan, kafin sallar isha'i sun mutu. Amma maganarsa tana kan hanya, da sharaɗin a fara auna abin da kilim ke ja, domin ta fi sarbar cin wuta nesa ba kusa ba. Ni kuma shawarata, kwafin da Baba ya ce a kai wani gini, a yi musayarsa tsakanin jami'o'i. Yamai ta ajiye na Tawa, Tawa ta ajiye na Yamai, kowanne a kulle da mabuɗin sirri, tsakaninsu sama da kilomita 500, gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya ba za ta ci biyun ba. Irin wannan aiki ne ya sa aka kafa NigerREN da WACREN, masu haɗa jami'o'i ta intanet a Nijar da yankinmu, kamata ya yi ku tuntuɓe su.

Matashi mai ƙera manhaja:
Iyayena, an bar maganar manhaja a baya. Ɗalibi ba ya buɗe shafi sai an tura shi, manhaja kuwa ita ke buga masa ƙararrawa in an ɗage jarrabawa, kuma tana riƙe jadawali ko babu rezo.

Hajiya ta ofishin rajista:
Ɗana, ka zo ka zauna bakin tagarmu a makon rajista ka ga salulolin da ake miƙo mana. Yawancinsu ƙananan Android ne da suka cika maƙil, sai mai ita ya goge hotuna kafin ya karɓi takarda ɗaya. Mega yake saye na yini, wani lokaci ma salular ta yayansa ce ya aro. Irin wannan yaro ba zai sauke manhaja don ya ga jadawali ba, hoton allon sanarwa zai jira a WhatsApp, ko da hoton na makon jiya ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a shafukanmu shi ne sanarwa layi biyar sai a buga ta a takarda, a sa hatimi, a ɗauki hotonta mai nauyin mega da yawa a ɗora, rubutun kuma ba ya karantuwa sai an ja da yatsu biyu. A rubuta sanarwar a shafin kai tsaye, hoton mai hatimi ya biyo baya ga mai buƙata. Fom ɗin rajista ya zama gajere, ya riƙa ajiye abin da aka cika mataki mataki, domin rezo kan yanke a tsakiya yaro ya koma farko. Sakamako da kiran gaggawa kuwa a tura su ta SMS, wadda ke isa ko layin mutum Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, ko da ya koma ƙauye hutu.

Malamin lissafi:
Hajiya ta gama magana. Kuɗin shiga Play Store dalar Amurka 25 ne sau ɗaya, na Apple 99 duk shekara, ba su ne matsala ba. Matsalar ita ce Google yana ɗaga sharuɗɗansa kowace shekara, manhajar da ba ta da mai kula sai ta daina bayyana ga masu sababbin saluloli. Moodle kuma yana da tasa manhajar da ke sauke darasi a karanta ba intanet, kunna ta kawai za ku yi.

Matashi mai ƙera manhaja:
Na ji, Malam, amma shafin ma ana iya gina shi yadda zai zauna a fuskar salula kamar manhaja ya kuma riƙe jadawali. A ƙalla a sa wannan cikin sharuɗɗan kwangila.

Malamin harsuna:
A sa haruffa ma. Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ko ba jima ko ba daɗe za a nemi shafin jami'a ya yi magana da ita. Tsofaffin rumbunan bayanai da aka kafa a kan tsarin haruffa na latin1 suna karɓar haruffan Faransanci amma ba su san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, alamar tambaya suke mayar da su. A lokacin ƙaura daga tsohuwar sarba ne ya fi sauƙi a juya komai zuwa tsarin UTF-8 da ya san su, a kuma zaɓi salon rubutu mai waɗannan haruffa a gwada shi a ƙaramar salula.

Injiniyan Filato:
In dai kun nace rajista ta zauna gida, to ku ja layi biyu daga kamfanoni biyu dabam, ko na biyun ya zama Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, tunda yanzu yana aiki a ƙasar bisa izini.

Akanta:
Wanda zai sa biyan kuɗin rajista ta salula ya zo mu zauna tukuna. In lambar ɗalibi ba ta fito a kan kowane biya ba, ni ne zan kwana ina neman wanda ya turo jika goma.

Ƙanen zaure, Yamai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To a takardar in rubuta saye ne ko haya?

Hajiya ta ofishin rajista:
Ko me ka rubuta, kada a yi ƙaurar a makon rajista ko na fitar da sakamako, a yi ta cikin babban hutu, tsohuwar sarbar kuma a bar ta a kunne har zango ya ƙare.

Malamin lissafi:
Ka fara kawo mana girman abin da ke cikin faifan yanzu, da yawan mutanen da suka shiga lokaci guda a ranar sakamakon bara, wanda za ka samu cikin kundin shige da fice na sarbar, da kuma yawan ma'aikatan sashenku da suka iya Linux. In mutum ɗaya ne, ni da Injiniya za mu sake gardamar daga farko.