Jirgi mai inji ɗaya na hannu don aikin daji: Cessna 206 ko 185?

Sabon_Matuƙi

Salamu alaikum. Ƙungiya ce ke son sayen ƙaramin jirgi na hannu, mai inji ɗaya, don kai mutum uku da kaya wuraren da mota ba ta zuwa. Filin da ya fi matsi na ƙasa ne, tsawonsa mita 600, yana kan tudu mai ƙafa 4,000, zafin rana kan kai digiri 35. An nuna mana Cessna U206G da Cessna 185, duka na shekarun 1970. Wanne ya fi dacewa, kuma me za a duba kafin a biya?

Tsohon_Kyaftin

Wa'alaikumus salam. Malam, ka fara da sikeli kafin ka zaɓi jirgi. Iyakar nauyin U206G kilo 1,633 ne. A ce shi kansa, da manyan tayoyi da rediyo, ya kai kilo 1,000, saura 633. Yana shan mai kusan lita 60 a awa, lita kuma kilo 0.72 ce, man awa huɗu ya cinye kilo 173 ke nan. Cire matuƙi da fasinja uku, kowa kilo 80: abin da ya rage wa kaya kilo 140 ne kacal. Kujeru shida ne, amma ba a cika su a cika tanki a tashi daga filinku.

Filin ma ba mai ƙafa 4,000 ba ne a wurin inji. A wannan tudun zafin da ake ɗauka a matsayin ma'auni a lissafin jiragen sama digiri 7 ne, kowane digiri da ya ɗaru a kai yana ƙara kusan ƙafa 120. Digiri 28 sau 120, ka ga jirgin zai ji kamar yana ƙafa 7,400. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, wato fiye da ɗaya bisa biyar ya tafi. A gaɓar teku ma, kan kwalta, 206 da cikakken lodi yana neman kusan mita 540 kafin ya haye cikas mai tsayin ƙafa 50. A filinku sai dai a rage lodi, ko a tashi da sanyin safiya, ko duka biyun.

Duk da haka 206 zan ce. Ƙofofinsa biyu na baya suna karɓar gadon marar lafiya da kwalaye masu girma, kuma jirgi irinsa mai taya a ƙarƙashin hanci ya fi yafe wa matuƙi kuskure. 185 ya fi jure fili mai gargada, farfelarsa ta fi nisa da tsakuwa, amma mai taya a wutsiya ne: ka yi sakaci da ƙafa kan fedar juya jirgi a iskar gefe sai ya juye da kai. Kamfanin inshora zai fara tambayar awa nawa matuƙinku ya yi a irinsa.

Injiniya_A

Ban ƙi maganar Kyaftin ba, sai dai lafiyayyen 185 ya fi 206 mai tsatsa. Kada a yarda da makanikin mai sayarwa. Ku kawo naku, wanda ya saba da Cessna, ya kwana biyu ko uku a kai.

Littattafan gyara tukuna, na jiki da na inji da na farfela, tun daga ranar da jirgin ya fito. Idan akwai shekarun da suka ɓace, ko an rubuta "an canja farfela" ba tare da dalili ba, a tsaya a yi tambaya. Farfela in ta daki ƙasa, ana warware injin a duba karanshaf. In ba a yi ba, kai za ka gaji matsalar.

Injin duka biyun Continental IO-520 ne mai ƙarfin doki 300, wa'adin garambawul ɗinsa awa 1,700 ko shekara 12. Mutane na ruɗuwa da ƙarancin awa. Injin da ya yi awa 400 cikin shekara 15 ya fi ban tsoro da wanda ya yi 1,200 cikin shekara biyar, don zama ne ke sa silinda tsatsa daga ciki. A gwada matsin kowace silinda yayin da inji ke da zafi, a zura kyamara ta ramin fulogi a kalli bawul ɗin hayaƙi: launi da'ira daidai wa daida lafiya ne, tabo kore a gefe ɗaya bawul ne mai ƙonewa. A yanka filtar baƙin mai, a shimfiɗa takardar, a bi ta da maganaɗisu.

A jikin 206, leƙa bangon ƙarfen da ke bayan inji da inda ƙafar gaba take kamawa. Lanƙwasa ko ribiti masu baƙin gari a gefe alama ce ta saukar hanci. A 185 a ɗaga daɓen ciki a duba akwatin da ƙafafun suke shiga, nan ne juyewa ke barin shaida. A buɗe duk murafen dubawa na fukafukai da wutsiya, farin gari kan alminiyo tsatsa ce. Jirgin da ya taɓa aiki kan ruwan gishiri ya fi kowa yin tsatsa. Layin da kujerar matuƙi ke tafiya a kai akwai umarnin hukumar jiragen Amurka na 2011 cewa a riƙa duba shi, domin kujera ta sha zamewa baya lokacin tashi.

Tsofaffin suna da tankin roba cikin fiffike. In robar ta yamutse, ruwa kan maƙale a lungu, ka tsiyaya ka ga mai tas, sai a sama ya gangaro inji. Murafen tanki ma a duba robarsu.

Mai_Lissafi

Abin da ba a faɗa ba shi ne mai. IO-520 fetur ɗin jirgi yake sha irin 100LL, shuɗin nan, kuma ba a zuba masa fetur ɗin mota. Idan babu shi a inda za ku kwana, lissafin duka ya rushe, sai ku duba Cessna Caravan mai shan kananzir ɗin jirgi, wanda kuɗinsa wani aji ne daban.

Manyan tayoyi, ƙarin gefen fiffike irin na Sportsman, akwatin kaya na ƙarƙashin ciki, kowanne sai da takardar amincewarsa a fayil. A ɗora jirgin kan sikeli, kada a dogara da tsohuwar takardar nauyi. A bincika babu bashi a kansa, kuɗi kuma su zauna hannun amintaccen mai shiga tsakani har takardu su kammala. Na'urar neman ceto ta zama mai aika sigina a kan 406 MHz, tauraron ɗan'adam ya daina sauraron 121.5 MHz tun 2009.

Injiniya_A

Ƙari kan 206: in an sauke leɓen bayan fiffike, yana tare ƙofar kaya ta gaba, ta baya kuma ba ta buɗuwa cikin sauƙi. Ranar dubawa ku sauke shi gaba ɗaya, ku zaunar da mutum a kujerar ƙarshe, ku ce ya fita da kansa.

Sabon_Matuƙi

Allah ya saka da alheri. 206 ɗin ya yi awa 600 kacal tun garambawul na 2006. Za mu nemi a rage kuɗin sabon garambawul daga farashin kafin makaniki ya tafi.