Wane abincin Sifaniya ne Musulmi zai ci hankali kwance?

Sabon ɗalibi: Assalamu alaikum, yayyena. Yau mako uku ke nan da saukata a Giranada, kuma har yanzu ban wuce burodi da shayi ba. Ina neman shawararku kan abincin gargajiyar mutanen nan da ya kamata in ɗanɗana.

Yaya ta Balensiya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da tortilla de patatas, wainar ƙwai ce mai kauri da dankalin Turawa a ciki, ana soya ta da man zaitun, kuma kusan kowane gidan abinci yana da ita.

Tsohon ɗalibi a Madrid: Kafin a ci gaba da lissafi, bari in ba ka labarin abin da ya same ni a watana na farko. Na shiga wani ƙaramin gidan abinci da rana, na nemi lentejas, wani ƙaramin wake da suke dafawa da romo, na kuma jaddada wa mai kawowa cewa ba na son nama. Na ci kusan rabin kwano sannan cokalina ya ɗago wani jan yanki mai maiƙo, ashe chorizo ne, wato naman alade da aka cusa a hanji da jan barkono. Da na yi magana, sai ya ce ai wannan ba nama ba ne, don ɗanɗano aka sa. Wallahi ranar ban iya sa komai a bakina ba har dare. Tun daga nan na gane cewa mutane da yawa a nan ba sa lissafa jamón, wato busasshen naman cinyar alade, da chorizo cikin nama, don haka sai ka ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara da "¿Lleva cerdo?", wato "Akwai naman alade a ciki?" Cocido na Madrid da fabada ta Asturiyas dafaffen wake ne da naman alade, ka bar su gaba ɗaya. Salmorejo ta Ƙurɗuba, miyar tumatir mai sanyi, tana da daɗi ƙwarai, amma ana barbaɗa mata jamón a sama, sai ka ce a kawo maka da ƙwai kaɗai. Hatta polvorones, wani irin biskit da ake rabawa lokacin Kirsimeti, yawancinsu da kitsen alade ake yin su, kuma kalmar da za ka nema a jikin leda ita ce manteca.

Ɗalibi a Malaga: Allah ya kiyaye gaba. Ni dai kifi ne mafitata, musamman espetos, ƙananan kifaye da ake tsirewa a gasa a bakin teku da gishiri kawai.

Yaya ta Balensiya: Idan ka samu hutu ka zo ka ci paella, shinkafarsu ta dafa-duka, a inda ta samo asali. Ta gargajiya da kaza da zomo da koren wake ake yin ta, shi ya sa nake sayen nama wurin mahaucin halal in dafa da kaina, a waje kuwa ta kayan lambu nake nema. Abin da suka fi so a cikinta shi ne socarrat, wanda ba komai ba ne illa ƙanzon gindin kasko. Ka haɗa da horchata mai sanyi, kunun ayarmu ne sak.

Ɗan Maraɗi: Yaya, a gafarce ni, amma ba sak ba ne. Tasu aya ce da ruwa da sukari, namu kuwa har da dabino da kwakwa, kuma ya fi kauri. Sannan wata ayar da suke sarrafawa daga Nijar ake kawo ta.

Yaya ta Balensiya: Gaskiya ne ana kawowa, amma ka zo Alboraya, nan kusa da Balensiya, ka ga gonakinta da idonka kafin ka raina tasu.

Ɗalibi a Malaga: Ka kuma lura da lokaci, domin abincin rana sai ƙarfe 2, na dare kuwa daga ƙarfe 9.

Sabon ɗalibi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, garin aya na zo da shi daga gida, shin zai yi horchata ɗin, ko sai ɗanya?