Waye gwarzon Turai a hokin ƙanƙara? Ovechkin, Jagr, Lidstrom ko Hasek

Auwal Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Ni a wajena magana ta ƙare tun ranar 6 ga Afrilun 2025, ranar da Alexander Ovechkin ya ci ƙwallo ta 895 a gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a ragar New York Islanders, ya wuce Wayne Gretzky ɗan Kanada da ya tsaya a 894. Tun 1994 Gretzky ya riƙe wannan tarihi har zuwa wannan rana. Kuma a wasansa na 1,487 ya kafa nasa, daidai yawan wasannin da Gretzky ya buga, don kada wani ya ce yawan wasa ne ya ba shi. Sau tara yana karɓar kyautar wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kaka. A wannan kakar ma sai da ya karye a ƙafa cikin Nuwamba, ya yi jinya, ya dawo yana ɗan shekara 39 ya ƙarasa aikin. Turai ba ta taɓa haifar ɗan wasa kamarsa ba. Mai ja ya fito.

Malam Sani Dutsinma: Wa alaikumus salam. Auwal, a cin ƙwallo babu mai ja da kai, amma ai wanda ya fi kowa iya wasan ake tambaya. A hoki maki ake lissafawa, wadda ka ci da wadda ka bayar aka ci. Jaromir Jagr na da 1,921, Gretzky kaɗai ke gabansa a tarihin NHL, kuma 766 daga ciki shi ya ci da sandarsa. Sau biyar yana zama na ɗaya a maki. Ya bar NHL kaka uku cur, daga 2008 zuwa 2011, ya tafi Omsk a Rasha, ga kakar 2004-05 da rikicin albashi ya cinye gaba ɗaya. Da ya zauna da ya haura 2,000 cikin ruwan sanyi. Mutumin da ya wuce shekara hamsin yana buga wa ƙungiyar garinsu, Kladno, shi za ka tsallake?

Auwal Gwale: Malam, rikicin 2004-05 ai Ovechkin ma ya ci masa kakarsa ta farko, ga ta 2012-13 da aka buga wasa 48 kawai, ga korona. Sannan Kofin Stanley, wato kofin zakaran NHL, biyu da Jagr ya ɗauka, 1991 da 1992, yana yaro ne a inuwar Mario Lemieux, tauraron ƙungiyarsu. Bayan nan bai sake ɗauka ba. Ovechkin a 2018 shi ne kyaftin ɗin Washington, shi aka ba gwarzon wasannin kofin.

Malam Sani Dutsinma: To ka duba shekarun. Lemieux ya ajiye wasa a 1997, bai dawo ba sai Disamban 2000. A wannan tsakanin Jagr ya ja gaba a maki a 1998 da 1999 da 2000, aka ba shi gwarzon kaka a 1999. Inuwar wa yake ciki a lokacin? Kuma duk wanda ya kalle shi ya san abin da lissafi ba ya nunawa: zai juya wa ɗan baya ƙeya a jikin katanga, ya tokare shi da ƙugu, faifan robar da ake bugawa a matsayin ƙwallo na can nesa a bakin sandarsa, mutum biyu su yi ta kai hannu ba su taɓa shi ba.

Hajiya Hadiza: Sannunku da muhawara. Ina ta karantawa, daga Auwal har Malam duk masu cin ƙwallo kuke ƙirgawa, kamar babu masu hanawa a filin. Ni a Mishigan nake zaune, kuma a nan idan ka tambayi mai bin Detroit Red Wings wannan tambayar ba zai yi dogon tunani ba, Nicklas Lidstrom zai ce maka. Kaka ashirin a ƙungiya ɗaya, 1991 zuwa 2012, ba a taɓa rasa Detroit a wasannin neman kofi ba ko sau ɗaya. Kofin Stanley huɗu: 1997, 1998, 2002, 2008. Kyautar ɗan baya mafi kyau sau bakwai, Bobby Orr kaɗai ya fi shi da takwas, ta ƙarshen kuma yana ɗan shekara 41 ya karɓa. Shi ne kyaftin na farko da ya tashi a Turai ya ɗaga kofin. A Olamfik ɗin 2006 a Turin shi ya ci ƙwallon da ta ba Suwidin zinare a kan Finlan, 3-2.

Abin da ya sa matasa ba sa ganinsa shi ne ba ya doke mutum ya kifar a nuna a talabijin. Wasan minti 60 ne, kusan rabinsa yana kan ƙanƙara yana fuskantar mafi haɗarin 'yan gaban abokan hamayya. Ɗan gaba zai taho da gudu, sai ya tarar Lidstrom ya riga shi wurin da zai bi, ya ɗan miƙa sanda ya tsinke faifan, ya tura gaba, shi ke nan hari ya mutu. Gishirin miya ne, sai babu shi ake sanin aikinsa. Tun 2008 Detroit ba ta sake ɗaukar kofin ba.

Auwal Gwale: Hajiya, ina girmama Lidstrom, amma ba a taɓa ba shi gwarzon kaka ba ko sau ɗaya. Ovechkin sau uku.

Hajiya Hadiza: Ƙanena, wannan kyautar da wuya ake ba ɗan baya. Laifin masu zaɓe ne. Kai kuma faɗa min lambar da Ovechkin ya samo wa Rasha a Olamfik. A 2010 Kanada ta yi waje da su 7-3. A 2014 a gidansu, Sochi, Finlan ta fitar da su 3-1, Teemu Selanne ɗan shekara 43 na cikin waɗanda suka ci.

Injiniya Garba: 'Ya'yana, ku ba dattijo wuri. Na yi karatu a Mosko a zamanin Tarayyar Sobiyat, a can na san wannan wasa, kuma yana yi mini ciwo in ga ana jera gwarazan Turai da lissafin NHL kaɗai. Har zuwa 1989 ba a barin manyan 'yan wasan Sobiyat su je can. Peter Stastny da ƙanensa Anton sai guduwa suka yi daga Cekoslobakiya a 1980. Idan ma'auninku NHL ne, kun share mutanen da aka kulle wa ƙofa.

Ku koma Satumban 1972, lokacin da Kanada ta tara ƙwararrunta na NHL ta yi wasa takwas da Sobiyat. Kowa a can ya ɗauka wankin hula za a yi. Wasan farko a Montreal Kanada ta fara cin biyu, aka tashi 7-3 Sobiyat ke da bakwai, Valeri Kharlamov ya ci biyu. Ɗan ƙaramin mutum ne, amma zai taho kan ɗan baya ya karkata kafaɗa gefe ɗaya ya fice ta ɗaya gefen, ɗan bayan na tsaye. A wasa na shida Bobby Clarke ya bi shi ya sare shi da sanda a idon sawu ya fasa ƙashin. Bai buga na bakwai ba, na takwas da ciwo ya shiga, kuma duk da haka sai saura daƙiƙa 34 Paul Henderson ya ci wa Kanada. Mutumin da sai an karya shi ake iya tsayar da shi, ni shi ne na ɗaya a wajena. Ya rasu a hatsarin mota a Agustan 1981 yana da shekara 33. Na biyuna Vladislav Tretiak, mai tsaron gida: zinaren Olamfik uku, kofin duniya goma.

Isuhu Maraɗi: Baba Injiniya, a nan Montreal tsofaffi har gobe suna maganar wasan jajibirin sabuwar shekara na 1975, Canadiens da ƙungiyar sojan Mosko. Canadiens sun kai hari 38, baƙin 13, aka tashi 3-3 saboda Tretiak. Canadiens ɗin ma sun zaɓe shi a 1983, hukumomin Sobiyat suka hana shi zuwa, ya ajiye wasa a 1984 yana da shekara 32.

Malam Sani Dutsinma: Baba, a yi mini afuwa, amma lambobin zinaren nan akwai magana a kansu. 'Yan NHL ba su fara zuwa Olamfik ba sai 1998. 'Yan Sobiyat a takarda sojoji ne, a zahiri kuma kusan duk shekara suna sansani tare suna atisaye, sai su je su haɗu da ɗalibai da masu wasan sha'awa. A 1980 ma ɗaliban Amurka sun doke su 4-3. Kharlamov da Tretiak gwanaye ne, sai dai ba mu gan su suna wasa tamanin a kaka da mafi ƙarfin duniya, a filin da ya fi na Turai matsi, shekara bayan shekara ba.

Injiniya Garba: Malam Sani, a wasan 1980 koci Viktor Tikhonov ya cire Tretiak bayan zangon farko, ka haɗa da wannan. Kuma ban kawo maka Olamfik kaɗai ba. A 1979 sun doke zaɓaɓɓun NHL 6-0 a New York. A 1981 sun ci Kanada 8-1 a wasan ƙarshe na Kofin Kanada, a Montreal, Gretzky na cikin fili. Da aka buɗe ƙofa kuma me ya faru? Sergei Makarov ya je yana da shekara 31 ya lashe kyautar sabon ɗan wasa a 1990, har sai da aka sa iyakar shekaru a dokar kyautar. Viacheslav Fetisov ya je da tsufansa ya ɗauki kofi biyu da Detroit. Ragowar ƙarfinsu ke nan kuka gani. Hukumar hoki ta duniya da ta fitar da mutum shida na ƙarni a 2008, huɗu 'yan Sobiyat ne: Tretiak, Fetisov, Kharlamov, Makarov. Sauran biyun Gretzky da Borje Salming na Suwidin.

Nura Fagge: Na yi shiru ne ina jiran wani ya ambaci Dominik Hasek. Ku tambayi kanku, cikin duk waɗanda aka ambata wa ya taɓa ɗaukar ƙungiya a kansa shi kaɗai ya kai ta inda ƙarfinta bai kai ba? Buffalo ba ta da manyan taurari, ya ja ta har wasan ƙarshe a 1999. Mai tsaron gida mafi kyau sau shida. Gwarzon kaka sau biyu a jere, 1997 da 1998, babu wani mai tsaron gida da ya taɓa samu sau biyu. A 1994 ya tare hari 70 a wasa ɗaya da New Jersey, aka yi ƙarin lokaci har zango huɗu, Buffalo ta ci 1-0.

Sannan Olamfik ɗin Nagano, 1998, karon farko da kowace ƙasa ta zo da 'yan NHL ɗinta, babu mai uzuri. Jamhuriyar Cek, ƙasar Hasek, ta fitar da Amurka 4-1. Wasan kusa da na ƙarshe da Kanada aka tashi 1-1, aka tafi bugun fenariti, inda ɗan wasa ke tahowa shi kaɗai da faifai ya fuskanci mai tsaron gida. Robert Reichel ya ci wa Cek a ragar Patrick Roy. Kanada ta turo Fleury, Bourque, Nieuwendyk, Lindros da Shanahan, babu wanda ya ci, na Lindros turke ya buga bayan Hasek ya shimfiɗe ya rufe masa hanya. Gretzky na zaune a benci ba a turo shi ba. Wasan ƙarshe suka ci Rasha 1-0, Rashar da Pavel Bure ya ci mata biyar shi kaɗai a ragar Finlan a wasan da ya gabata. Malam Sani, Jagr na cikin wannan tawagar, amma da suka koma gida sunan Hasek jama'a ke kira a dandalin Firag, suna cewa a kai shi fadar shugaban ƙasa.

Salonsa ma babu mai koyar da shi. Zai yar da sanda ya danne faifai da hannu, zai kwanta rigingine ya ɗaga ƙafafu sama ya tare. Kuma Baba Injiniya, shi ma tsarin kwaminisanci ya riƙe shi, sai 1990 ya isa NHL yana da shekara 25, ya yi zaman benci a Chicago kafin a sayar da shi. Wanda ya yi fice a ɓangarorin biyu ke nan.

Injiniya Garba: Nura, wannan hujja ce mai nauyi. Tsakaninsa da Tretiak zan iya zama a tattauna. Kharlamov dai ba na sauke shi.

Isuhu Maraɗi: Idan ƙololuwar iyawa ake nema ba daɗewa ba, a sa Peter Forsberg na Suwidin a lissafi. Maki 885 a wasa 708 kacal, raunuka ne suka cinye shi, har saifarsa aka cire a 2001.

Auwal Gwale: Yaya Nura, na ji. Amma Hasek shekarun ƙarfinsa ba su kai goma ba. Ovechkin shekara ashirin kowa ya san inda zai tsaya, da'irar hagu, kowane koci ya zana wa 'yan wasansa wurin a allo, kuma ba a hana shi ba. A zamanin da masu tsaron gida suka fi na lokacin Gretzky girma da kayan kariya ya ci 65 a kaka ɗaya. Ina nan kan bakana.

Hajiya Hadiza: Nura, ni da kai gardamarmu mai sauƙi ce, don mutanenmu biyu sun buga tare. A Detroit ta 2002 ga Hasek a raga, ga Lidstrom a gabansa, ga Fedorov da Larionov. Da aka ɗauki kofin, Lidstrom aka ba gwarzon wasannin, ɗan Turai na farko da ya samu. Hasek sai da ya bar Buffalo ya zo bayan Lidstrom kafin ya taɓa kofin.

Nura Fagge: Hajiya, ita ma Detroit kaka uku ta yi a jere, 1999 zuwa 2001, ana fitar da ita da wuri, Lidstrom na nan. Hasek ya zo yana da shekara 36, a wasannin kofin nan sau shida ana tashi ba a ci shi ko ɗaya ba, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Biyu daga ciki wasa na shida da na bakwai ne da Colorado, lokacin da saura rashin nasara ɗaya a yi waje da ku.