Tallafin Kuɗin Makaranta ga Ɗaliban Tauhidin Kirista

Shawarar da ta fi samun karɓuwa a wata tattaunawa kan yadda ɗaliban tauhidin Kirista za su sami tallafin kuɗin makaranta ita ce ɗalibi ya fara da ikilisiyarsa, ya zauna da fasto da dattawa tun kafin a ba shi gurbi, domin yawancin masu bayar da tallafi suna neman wasiƙar shaida daga shugabannin ɗariƙa. An kuma ambaci gidauniyar Langham, wadda John Stott, wani malamin Kirista ɗan Birtaniya, ya kafa, amma tallafinta na masu karatun digirin digirgir ne daga ƙasashe masu tasowa.

Gargaɗin da ya fi taɓa ni shi ne na bashi: albashin mai hidima ƙarami ne, kuma rancen da aka ci domin karatu yakan bi mutum har bagade shekara da shekaru. Wasu sun ce gara karatun rabin lokaci.