Mai aikin awa ɗaya a mako, me za mu kira shi?

1/ Jama'a, ina neman Hausar kalmar Turanci underemployment, wato halin wanda ke da aiki amma aikin bai cika masa lokaci ba, ko bai ishe shi ba, ko bai kai karatunsa ba. Ga dalili: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi a Najeriya sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, sai adadin ya koma 4.1. Yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya samu ɗan abin kashewa, mai aiki ne a lissafinsu.

2/ Ƙanena na da digiri a ilimin sinadarai. Yana zama ƙarƙashin lema da na'urar POS ta wani, shi ma sai ran da mai ita ya tafi ƙauye. Wata rana ribar ba ta wuce kuɗin motarsa da biredi. Ba zan ce yana zaman kashe wando ba, wallahi da asuba yake fita. Amma in na ce yana da aiki, na yi wa mahaifiyarmu ƙarya.

3/ Abin ya fi ƙarfin nahawu. Masu cewa a bar kasuwa ta yi halinta suna nuna irinsa su ce ga shi matasa na dogaro da kansu. Masu cewa gwamnati ta sa hannu, ta tada masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa, ko ta dawo da irin N-Power, shirinta na ɗaukar matasa aikin ɗan lokaci, su ma shi suke nunawa. Ana ta muhawara a kansa, shi ko suna ba shi da shi.

4/ Na ga shawarwarinku. "Ƙarancin aiki" na nufin ayyukan ne suka yi kaɗan a gari. "Buga-buga" ta kusa, sai dai akwai mai buga-bugar da ya gina gida. "Aikin wucin gadi" yana da ranar ƙarewa, na ƙanena kuwa shekara uku ke nan.

5/ Wata baiwar Allah ta kawo "guntun aiki". Malama, Allah Ya ƙara basira, a nan na tsaya. Guntu ne a lokaci, guntu a samu, guntu in an gwada shi da karatun mai shi. Kuma tana juyuwa a baki: mai guntun aiki, masu guntayen ayyuka.

6/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da rahotanni ke zuwa muku da Faransanci, yaya gidajen rediyonku ke faɗar wannan kalma?