Tambaya kan jijiyar radiyal da karayar ƙashin damtse

Assalamu alaikum malamai da likitoci. Ni ɗalibi ne mai karatun tsarin jikin ɗan Adam, kuma akwai wata matsala game da damtse da gwiwar hannu da ta tsaya mini, ina neman a warware mini ita.

Jijiyar radiyal tana fitowa daga tushen jijiyoyin laka na C5 zuwa T1, wato daga wuya zuwa farkon ƙashin baya, ta ratsa hammata, sannan ta zagaya bayan ƙashin damtse, wato humeras, ta cikin wani kwari da ke manne da ƙashin. Ita ce ke motsa tsokar taraisef mai kawuna uku wadda ke miƙe gwiwar hannu, kuma ita ce ke motsa tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu. To, idan ƙashin ya karye a tsakiya har jijiyar ta ji rauni, wuyan hannu yana langaɓewa, amma majinyaci yakan iya miƙe gwiwar hannunsa, alhali idan sandar guragu ta danne jijiyar a hammata, taraisef ɗin ma tana iya raunana.

Na fahimci cewa wasu rassa suna rabuwa da jijiyar kafin ta shiga kwarin, amma waɗanne kawunan taraisef ne suke samun reshe daga sama, wane ne kuma yake samu a cikin kwarin? Sannan ta yaya ake gwada ƙarfin taraisef ga wanda aka ɗaure wa hannu saboda karaya, ba tare da an gusar da ƙashin ba?